Binciken Yaya da Na Ƙarasa da Guduma

Yaya Almustapha, in labari yana isa inda kake, na san wannan ya riga ni zuwa, don tun ranar kasuwar nan duk wanda ya rasu tsakanin Warra da Yelwa da shi ya tafi a baki. Amma gara ka ji daga wurina. Mutane suna ƙara gishiri. Wai har kuka na yi a cikin ruwa. Ta yaya ake gane kukan mutum a cikin ruwa?

Ka tuna tambayar da ka zo da ita hutunka na ƙarshe, wadda ka ce a kanta za ka rubuta kundin kammala digirinka na falsafa? Muna tsakiyar tafki, kana zaune a goshin jirgi ta hannun hagu inda ka saba, ni ina baya da filafili. Ka ƙwanƙwasa katakon da ke ƙarƙashinka ka ce, "Cindo, Baba ya sa an ƙera jirgin nan shekarar da aka haife ni, shi ya sa ake ce masa jirgin Almustapha. In katako ɗaya ya ruɓe muka sake, nawa ne har yanzu?" Na ce naka ne mana. Ka ce, "In muka yi ta sakewa ɗaya bayan ɗaya, har ba sauran ko ƙusa ta da?" Na ci gaba da tuƙi. Ka ce, "To in wani ya tsince tsofaffin katakan ya harhaɗa wani jirgi da su, wanne ne nawa?" Na ce, "Yaya, don wannan karatun Inna take kwana da hayaƙin kifi a ido?" Ka yi dariya har jirgi ya karkata.

Zazzaɓi bai bar ka ka koma makaranta ba.

Ana zaman makoki abokin karatunka Joshua ya zo daga Shanga, ɗauke da katifarka da bokitinka da wata baƙar kwat da ka saya don ranar kare kundi. Ya gaishe da Inna, ya ce malaminku ya yi jimami, ya ce tambayar mai kyau ce, ga shi ba wanda zai ƙarasa ta. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Ni zan ƙarasa."

Kawu Hammadu ya ajiye carbinsa. "Kai wa?"

"Ni Cindo. Duk hanyoyin binciken Yaya ya gaya mini muna gyaran taru. Abin da suke kwashe shekaru suna yi a jami'a, ni kafin ruwa ya ja baya na gama."

"Kai da sakandare ta kora?"

"Ba kora ta aka yi ba, Kawu. Malamai ne suka kasa bin tunanina."

"Awo," in ji shi. "Mu ma nan gida mun kasa."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta dube ni da idanun nan nata da suka ƙanƙance, ta ce, "Cindo, wanga jirgi shi ka ciyar da mu, kuma tun da ɗan'uwanka ya kwanta ba ka kai shi ruwa ba. Yi karatunka yadda kaka so. Amma jirgin Almustapha shi dawo bakin ruwa." Na ce mata ta ɗauka ya dawo.

Ka taɓa ce mini mai bincike ba ya fara faɗin nasa sai ya bi ya ji abin da magabata suka faɗa. Magabatan da na sani suna gindin mangwaron bakin gaɓa, don haka can na nufa. Na tsuguna na jefa musu tambayar. Ɗaya ya ce jirgi katako ne, in katako ya tafi jirgi ya tafi. Wani ya ce ƙarya ne, shi haƙoransa duk sun zube amma matarsa ba ta sake masa suna ba. Wani tsoho ya nuna tsakiyar tafki da sanda ya ce ƙauyensu yana can ƙarƙashin ruwa tun da aka yi madatsa, an gina musu sabo a tudu an liƙa masa sunan tsohon, kuma shi har gobe baƙo ne a cikinsa. Na farkon ya ce ai shi da ma ko a tsohon ƙauyen baƙo ne, kakansa da rani ya zo. Yaya, kafin in miƙe sanduna sun tashi. Ni na raba magabata, ni na sha sandar da ta ɓace hanya. Na koma gida da ƙulu a goshi, na ce wa Inna babi na biyu ke nan.

Ka kuma ce dole mai falsafa ya nemo suka mafi ƙarfi da za a yi wa aikinsa, ya ajiye ta gabansa, kada ya zaɓi mai sauƙi. Duk Warra ba wanda ya kai Indo mai bandar kifi, maƙwabciyarmu. Na same ta tana farke tarwaɗa a kan faffaɗan katakonta.

"Indo, ina neman wanda zai soke ni."

"Mi kac ce?"

"Suka. Ki faɗi duk inda na gaza, kada ki rage."

Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu, ta ce, "Zauna." Fuskarta ta yi haske kamar an ce mata ta samu kujerar Makka. Ta fara daga ranar sunana. Ta bi ta shekarar da na ce zan yi kiwon agwagi suka bi ruwa suka tafi Yelwa ba sallama. Ta bi ta ranar da na ce na iya babur na shiga rumfar mai tumatir. La'asar ta yi ba ta iso kan bincike ba. Na ce, "Indo, aikin nake nufi." Ta ce, "Aikin mi? Dawo gobe, ko kaciyarka ban taɓo ba tukuna."

Daga nan na ga magana ba za ta kai ni ko'ina ba. A 'yar sakandaren da na yi, malamin kimiyya ya ce duk abin da ba a gwada ba zance ne. Na ce a raina, wato abin da ya tsayar da mutanen jami'a ke nan: suna da tambaya, ba su da jirgi. Ni kuwa ina da jirgi. Ina da gudumar Baba da zartonsa da rabin gwangwanin kwalta.

Na ja jirgin zuwa lungun nan na bayan gamba, na kafa tamfol. Cire katako ba wuya, Yaya. Mayarwa ce falsafa. Na ɓamɓare na farko, na tsaya na tambayi kaina ko jirgin Almustapha ne, na amsa shi ne. Na ji daɗin yadda bincike ke sauri, na ɓamɓare na biyu da na uku. Sai da rana ta yi tsaka na tuna ana bukatar sababbin da za a maye gurbinsu, aljihuna kuwa ka san shi.

Nan wata maganarka ta faɗo mini kamar ruwan farko. Ka ce a jami'a ba laifi ba ne mutum ya ɗauko abin wani ya sa a aikinsa, kowa haka yake yi. Laifin shi ne ka ɗauka ba ka ambaci mai shi ba, wannan sata ce, kora ake yi a kanta. Amma in ka rubuta sunansa da shekara, ka zama malami. Tunda nake ban taɓa jin doka mai tausayin talaka irin wannan ba.

Da azahar, lokacin da Tamada mai shayi yake shiga ya ɗan miƙe, na ɗauko dogon bencinsa. Na cire ƙafafun, na buga shi a gefen jirgi, na ɗauko jan fenti na rubuta da manyan baƙaƙe: TAMADA, BANA. Na ja da baya na duba. Wallahi sai na ji kamar a sa mini hula mai igiya ta masu kammala digiri.

Washegari ƙofar garken awakin Kawu ta shiga bincike: HAMMADU, BANA. Da na koma na ɗauko ta rumbunsa, na tuna ka ce in an sake ɗaukowa daga wuri ɗaya ba sai an maimaita suna ba, don haka na rubuta SHI DAI. Katakon Indo ya zauna daidai a ƙasan jirgi kamar don shi aka yanke shi, sai dai ƙarni. Na gadon Inna biyu kawai na zara, daga tsakiya, inda na ga ba ta cika kwanciya ba.

Gari ya rikice. Masu shan shayi suka koma sha a tsaye kamar 'yan sanda. Awakin Kawu suka fita yawon buɗe ido, suka fara da shanyar masarar liman, suka ƙare da zanen Indo. Aka ce ɓarayi ne daga ƙetare. Aka ce a'a, mutanen ruwa ne, don wane ɓarawo ne zai bar akuya ya ɗauki ƙofa? Tamada ya kawo malami ya tofe rumfarsa kusurwa huɗu. Ina tsaye da kofina a hannu ana tsine wa ɓarawo, ni ma na ce amin da zuciya ɗaya, don ni na san na ambaci kowa.

Inna kuwa kullum sai ta tambaya. "Ina jirgi?"

"Yana babi na uku, Inna."

"Babi na uku shina kama kihi?"

Muka yi ta cin tuwo da miyar kuka lami. Wata safiya ta fito tana dafe da ƙugu, ta ce gadon nan ya fara haɗiye ta, ko tsufa ne. Na ce tsufa ne.

Jirgi na biyu, na tsofaffin katakai, shi ya fi ba ni wuya. Ka buga ƙusa katako ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli. Na cusa tsumma a kowace kafa, har da tsohuwar rigar makarantata, wadda sai a ranar ta yi wa ilimi wani amfani. Katako ɗaya ne kawai na daɗe ban iya ɗaga masa guduma ba, na goshi ta hagu. Ya yi santsi, ya ɗan lotsa daidai zamanka. Na zauna kusa da shi har inuwar gamba ta rufe ni, sannan na cire shi a hankali da hannu, kamar mai cire ƙaya a ƙafar yaro.

Da aiki ya kammala na kira Joshua a waya na ce ya zo ranar kasuwa, shi ne mai jarrabawa daga waje. Ya ce, "Ka rubuta ne?" Na ce, "Na wuce nan." Na aika wa Kawu da Indo da Tamada cewa su ne kwamiti. Na ari lasifikar mai tallar maganin basir. Na sa kwat ɗinka, hannuwan suka wuce yatsuna, har na shidan da ake mini suna da shi ya ɓace.

Ka san bakin ruwan Warra ranar kasuwa: jiragen albasa, buhunan shinkafa, mata da kwandunan karfasa, masu babur suna ta ƙaho. Na jawo jiragena biyu a lulluɓe, na hau kan wani turmi, na busa lasifika.

"Jama'a! Yau za a warware abin da ya gagari jami'a!"

Wani ya ce, "Nawa ne kwalba?"

"Ba magani ba ne, ilimi ne!"

Na fizge tamfol.

Wurin ya yi tsit. Na ɗauka girman aikin ne ya kama su. Joshua ya matso, ya gyara tabarau, ya fara karantawa da ƙarfi, halin 'yan boko da ba sa ganin rubutu su ƙyale. "Tamada, bana. Hammadu, bana. Shi dai. Indo, bana. Inna..."

Tamada bai iya boko ba, amma ya san ƙunar da butarsa ta yi wa bencinsa. Ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kare. "Bencina! La ilaha illallahu, bencina ne aka shafa wa kwalta! Ɓarawo!"

"A'a, Tamada, natsu," na ce ta lasifika. "Ɓarawo yana rubuta suna? Ai ɗaukaka ka na yi. Yanzu duk wanda ya zo bayana sai ya ambace ka."

"Har amin kac ce! Ina tsinuwa kana amin, da kofina a hannunka!"

Kawu Hammadu ya nuna ƙofar rumbunsa da sanda. "Wane ne Shi Dai?"

"Kai ne, Kawu. Taƙaitawa ce."

"Ni za ka taƙaita?"

Na juya wurin Joshua. "Malam mai jarrabawa, gaya musu dokar. In an ambaci mai abu, sata ce?"

Joshua ya cire tabarau ya goge ido. Na kasa gane dariya yake ko kuka, ina jin shi ma bai gane ba. "Cindo, magana ake ɗauka. Ra'ayin mutum, abin da ya faɗa ko ya rubuta. Ba benci ba."

"Yaya bai ce ban da benci ba."

"Kuma tambayar jirgin nan," ya ce a hankali, "ba a taɓa jirgi. Gwajin tunani ne. Ana ƙaddarawa ne kawai, a ce da za a cire, da za a sake. A cikin kai ake yinsa."

"To ai bai kauce ba," in ji Indo daga bayan taro. "An ce a yi da kai, ya yi da katako. Wurin Cindo duk ɗaya ne."

Kasuwa ta fashe da dariya. Har masu babur suka kashe inji don su ji daɗin dariya.

Yaya, ka ce mai kare bincike ba ya gudu, yana tsayawa kan matsayinsa. Na ga Tamada yana naɗe ƙafar wando, Kawu yana gyara riƙon sanda. Sai na tura jiragen biyu ruwa, na yi tsalle na sa ƙafar dama a sabo, ta hagu a tsoho, na ɗaga lasifika.

"Ga hujja ta ƙarshe! Duk wanda ya ɗauke ni a cikinsu, shi ne jirgin Almustapha!"

Jiragen nan, kamar sun daɗe da jin haushin juna, kowa ya kama gabansa. Na dama ya nufi Yelwa, na hagu ya nufi madatsa. Na yi ta buɗewa kamar almakashi. Wandona ya yage, kuma da yake lasifika tana kunne a hannuna da ya yi ƙasa neman agaji, har masu albasa na can ƙarshe sai da suka ji. Tsohon jirgi ya fara shan ruwa ta kowace kafa, rigar makarantata ta fito ta yi gaba abinta, karo na biyu ke nan tana barina. Sabon kuwa ya yi ƙoƙari, in faɗi gaskiya, yana iyo. Amma Tamada ya riga ya shigo ruwa ya cafke bencinsa, Kawu ya maƙala sanda a ƙofarsa ta ɗaya gefen, kowa na ja yana kiran sunan Allah. Jirgi ya dare biyu kamar goro.

Abin da na samu na faɗa kafin ruwa ya rufe ni shi ne, "A taƙaice..."

Ruwan iya ƙugu ne, an gaya mini daga baya. A lokacin ban tsaya aunawa ba, na yi ta iyo ina kiran a kawo jirgi, ni da na kashe biyu yanzun nan. Indo ce ta kamo ƙeyar kwat ta tsayar da ni kan ƙafafuna, ta ce, "Miƙe, Farfesa, ƙasa tana nan."

Sai dariya ta fara raguwa daga baya, mutane suna darewa. Inna ce. Ta zo har inda ruwa ke taɓa yatsun ƙafarta. Ba ta dubi katakan gadonta da ke yawo ba. Ni ta duba.

"Cindo, wanne ne jirgin Almustapha?"

Duk kwamitin ba wanda ya yi tambaya kan binciken sai ita. Na waiga. Ɗaya yana ƙasan ruwa, goshinsa kaɗai ke leƙowa. Ɗayan yana tafiya gida gunduwa-gunduwa a kan mutane.

Na ce, "Inna, binciken bai kai nan ba."

Ta dubi kwat ɗin da ke ɗigar ruwa a jikina. Sannan ta ce, "Tuɓe rigar ɗan'uwanka ka shanya, kar ta lalace."

Da aka jawo tsofaffin katakan, Kawu ya danna ɗaya da babban yatsa, yatsan ya shige. Ya danna wani, haka. Da ya ga da ma jirgin ya ruɓe, sai ya daina nemana da sanda. Indo ta kwashe su duka a madadin katakonta, ta shanya, ta yi bandar tarwaɗa da su, har da mai santsin nan na goshi, ban farga ba sai da ya zama toka. Ta ce wannan ne karo na farko da ilimina ya amfani wani. An kai kifin Yelwa an sayar. Wato yanzu akwai mutanen da suka ci hayaƙin jirginka da tuwo ba su sani ba.

Kawu ya ba da katakan da ya ajiye don rufin shagonsa, Haliru maƙerin jirgi ya ƙera sabo, bisa sharaɗin ni miƙa ƙusa kawai zan yi, in na taɓa guduma a kira mai gari. Na mayar wa Tamada ƙafafun bencinsa, amma har yau duk wanda ya zauna sai ya tashi da kwalta a riga, ya kuma ambace ni, ba irin ambaton jami'a ba. Sunana a gari yanzu Farfesa Shi Dai.

Ranar da aka gama, ba ko ƙusa ɗaya ta da a jikinsa, Inna ta miƙo mini filafili ta ce, "Tashi ka kai jirgin Almustapha ruwa, miya ta gaji da zama lami." Ko ɗan jinkiri ba ta yi ba wajen kiran sunan.

Na fita. Tafki ya kwanta lumui, farar balbela na bin gaɓa. Sai na ga jirgi yana ta karkata dama. Na duba ƙasa, ba ruwa. Na gyara taru zuwa tsakiya, bai daina ba. Masunta suna wucewa suna ihu, "Farfesa, ko zaman ma sai an yi bincike?" Sai can na gane ba jirgin ba ne. Ni ne. Na jingina dama, kamar yadda na saba tun ina ƙarami, don in daidaita nauyin mai zama a goshi ta hagu. Katakan nan ba su taɓa ganinka ba, Yaya, amma an bar maka wurinka a cikinsu.

Na gwada miƙewa tsakiya. Jirgi ya daidaita, ya tafi sumul. Ban ji daɗinsa ba. Na koma dama, na bar su suna dariya.

Ina jin babin ƙarshe ke nan. Ban san sunan da zan rubuta a jikin jirgin ba, naka ko nawa, kuma an ƙwace fentin. Joshua ya kira yana tambaya ko na haƙura da falsafa, na ce masa na haƙura. Ban gaya masa abin da na gano a tafki ba. Ban gaya wa Inna ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna.